Taron Talata da Tukunyar Herminia

Fresno, 4 ga Maris

Zuwa ga Yayata Casilda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mijinki da yara. Yaya ƙafar Mama? Na aiko ta adireshin makarantarku ne, don duk sanda na kira waya Mama tana manne da kafaɗarki.

'Yata Noemí ta gama zagaye na uku na maganin. Gashin ya zube tas, amma bakin yana nan, jiya ma ta gaya wa likita takalminsa ya tsufa. Ki ci gaba da ce wa Mama ƙarancin jini ne. Hawan jininta ba zai ɗauki kalmar kansa, wato ciwon daji, ba. Hoton da na sa a ciki mai hula ne, shi za ki nuna mata.

Ga abin dariya kuma. Wata ma'aikaciyar asibitin, Graciela, ta ga ina zuba ruwa a gefen kofi ban lura ba, sai ta sa sunana a taron da ake yi duk Talata da yarenmu, na masu jinyar yara, wai don rage damuwa. Na ce mata ni aiki ne ya yi mini yawa, ba damuwa ba. Na je ne don kunyarta. Mu tara, kujeru a zagaye, aka ce mu rufe ido mu ja numfashi. Yaya, shekara talatin da takwas ina numfashi ba wanda ya koya mini. Abin da ya tsaya mini a rai teburin ne: ruwan gora da busasshen biskit. Talata mai zuwa zan wanke mana wannan abin kunya.

Ki sumbaci Mama a goshi.

Ƙanwarki,
Herminia


Fresno, 15 ga Afrilu

Yaya Casilda,

Ina gaishe ki da kowa na gida. Saƙon Mama ya iso, ki ce mata ana ba Noemí hantar da ta ce.

Taron nan ya zame mini yaƙi. Na kai tamales, dafaffen ƙullin masarar nan namu, cikin tukunya, naɗe da ɓawon masara yadda Mama ta koya mana, kowa ya lashe yatsa. Banda Doña Perpetua, wata tsohuwa 'yar El Salvador da ke jinyar jikanta. Ta ɗanɗana, ta goge baki, ta ce, "Ba laifi, 'yata, ga wanda bai taɓa cin na ganyen ayaba ba." A gaban mutane. Da Talata ta zagayo sai ga ta da tire shaƙe da wainar masararsu mai cuku, pupusa. Ni kuwa na ƙara da miyar barkono kala biyu. Ita ta ƙaro da abin sha.

Yanzu in an ce a ja numfashi, tauna kawai kake ji. Ma'aikatan bene na huɗu duk sun gano suna da damuwa ranar Talata. Tun Lahadi nake fara jiƙa ɓawo, idona na hagu ya fara rawa, na sa gishiri a kofi sau biyu.

Yau Graciela ta kafa doka. Ta ce an buɗe ɗakin ne don mu sauke kaya, mu kuma kullum da tukwane muke shigowa. Daga yau ba mai riƙo ko cokali. Ki gaya mini, ta yaya 'yar Mama za ta shiga cikin mutane hannu rabbana? Ina tunanin daina zuwa.

Taki,
Herminia


Fresno, 23 ga Afrilu

Zuwa ga Mamata,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi kuma kina shan maganinki a kan lokaci. Ki zauna tukuna, ki bar Casilda ta karanta miki har ƙarshe. Za ta ba ki labarin wani taro da nake zuwa, inda aka hana mu kai abinci.

Jiya na je ba komai a hannuna. Sai a lokacin na gane cewa duk makonnin nan, da zarar layin magana ya kusa kaina, nakan miƙe in hau raba faranti. Jiya ba faranti. Na rasa inda zan ajiye hannuwana. Graciela ta tambaye ni wa nake gaya wa in abin ya ishe ni, na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai kuka ya ƙwace mini. Irin na ranar da aka binne Baba.

Wadda ta riƙe ni ita ce tsohuwar da muke gasar girki da ita. Ta zaro pupusa ɗaya daga ƙarƙashin mayafinta, ashe ta karya doka, ta danna mini a hannu. Da na gaya musu abin da na ɓoye miki, ta dube ni ta ce, "Ni kaka ce. Da 'yata ta yi mini haka, da ta sace mini addu'ar wata biyar. Ke wa ya ce miki tsofaffi ƙwai ne?" Sannan ta ce in ci da zafinsa, in koyi yadda ake girki.

Mama, ba ƙarancin jini ba ne. Noemí tana da kansar jini tun watan Nuwamba. Likitoci sun ce maganin yana kama ta, kuma sauran tafiya da nisa. Ni na sa Casilda ta yi shiru, kada ki yi mata faɗa. Ki yafe mini.

Ga hoton Noemí ba hula, ita ta zaɓa da kanta. Ta ce in gaya miki kanta ya fi sanƙon Kawu Anselmo sheƙi.

Ban sa tsaraba a wannan wasiƙar ba. Na zo miki hannu rabbana, kuma ina jin tsoro. Ki kira ni.

'Yarki,
Herminia