Sitiyari Mai Rabi

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Motar da ɗiyata Leah ta aiko daga Abuja ta iso yau a bayan tirela. Mai lantarki ce, fara sol, ba ta shan mai, ba ta ƙara. 'Yar nan ta sa an kafa mana sola a kan rufi tun watan jiya saboda cajinta. Unguwa duk ta fito kallo. Matata Monica ta yi guɗa kamar ranar da ta aurar da Leah.

Na buɗe ƙofa na zauna, na kai hannu inda sitiyari yake, na damƙi iska. Babu samansa. An yanke rabin sama an bar ƙasa da kunnuwa biyu a gefe, kamar kan amalanke. Na ɗauka a hanya ya karye, har na fara yi wa direban tirela faɗa. Ya ce haka aka ƙera ta, wai irin na jirgin sama ne. Ni Dawuda, tsohon sajan da ya tuƙa manyan motocin soja tun kafin a haifi wanda ya zana wannan abin, yau aka kawo mini rabin sitiyari a ce in yi godiya. Na kira Leah na yi godiyar. Ɗiya ce, da zuciya ɗaya ta yi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Fita daga gida kawai ya ci mini rai. Ƙofarmu sai an yi ribas an karya kan mota gaba ɗaya. Hannuna ya saba, wannan ya kama sama, wancan ya haye ya karɓa. A nan kuwa in ka juya, abin ya kife, kunnuwan su koma inda ba ka zata ba. Sau nawa na cafki iska ban ƙirga ba. Monica tana gefe da littafin waƙoƙinta a cinya.

Mun makara coci.

Laraba, 9 ga Afrilu

Babu sandar sigina. 'Yan maɓallai ne a jikin sitiyarin, ana shafa su da babban yatsa. A miƙe babu laifi. Amma a shataletale, sitiyari ya juye, na hagu ya koma dama. Na nuna zan bi hagu na bi dama, wani ɗan acaɓa ya bi ni da zagi har kasuwa. Da ya ga furfura sai ya haɗiye sauran.

Hon ma wani ɗan ɗigo ne kamar ƙwayar wake. Na daki tsakiyar sitiyari da tafin hannu yadda kowane direba yake yi, shiru. Kafin in lalubo shi akuyar ta gama tsallakawa da kanta.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Abdulrashid ya tare ni a wurin mai shayi. Tare muka yi barikin Kaduna da shi, yanzu kullum yana zaune a benci a ƙarƙashin dalbejiyar kwanar layinmu. Ya ce, "Saje, tun da kuka samu motar lantarki ba ka ganin talakawa. Kana wucewa kamar gawa a makara, ko hannu babu."

Da wasa ya faɗa, amma na san ana faɗarsa a bayana ba da wasa ba. A garin nan ba a wuce mutum a mota a bushe. Hannun dama a saman sitiyari, na hagu a waje ta taga, ɗan hon guda, haka na yi tuƙi duk rayuwata. Daga gida zuwa kasuwa hannuna na hagu ba ya dawowa ciki. Wanda ya wuce dattijo bai ɗaga hannu ba, kafin yamma maganar ta kai gidan surukansa. Yanzu hannuwa biyu na riƙe da kunnuwan nan kamar mai tuƙa tuwo a tukunya mai tangaɗi, in na saki ɗaya babu saman da ɗayan zai kama.

Na yi masa bayani. Ya ce, "To, ai mun ji." Bai ji ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ista. Matar Fasto ta tambayi Monica ko ina fushi da su ne, wai na wuce ta a hanya ranar Talata.

Talata, 22 ga Afrilu

Na kira Leah na zazzage mata. Ta ce sabo ne kawai, wai masu irinta suna cewa in mutum ya jure zai saba, kuma an cire saman ne don a ga allon gaba da kyau. Na ce mata allo nake tuƙawa ko hanya? Hanyar Danko da ramukanta, inda za ka kauce wa wannan ka faɗa wancan, su masu zanen sun taɓa ganin irinta?

Sai ta yi ƙasa da murya. "Baba, ko dai a nemo maka direba?"

Na kashe wayar. Na san daga inda maganar ta fito, uwarta ce. Tun bara da na goga tsohuwar motata a katangar gidan Ndubuisi mai shagon fenti suke ƙus-ƙus a kan idona da shekaruna. Idona lafiya lau. Su ba ni cikakken sitiyari su gani.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na kai motar wurin Maharazu mai walda. Na ce ya lanƙwaso rodi ya cike mini saman nan, ya naɗe da roba, magana ta ƙare. Ya zagaya motar, ya leƙa, ya sosa ƙeya.

"Baba Saje, mota wagga duk wuta ce. In sa mata walda ta tashi da ni da rumfata?"

Na ce to ya ɗaure da noti. Ya yarda, har ya auna da igiya. Da na dawo gida na yi kuskuren faɗa wa Monica, ita kuma ba ta ajiye ba ta kira Abuja. Leah har da kuka. Wai akwai jakar iska a tsakiyar sitiyari da ke fashewa in an yi karo, za ta cillo mini rodin a ƙirji ko a fuska. Ta ce kamfanin na da zagayayye da ake canzawa, za ta yi oda, amma sai ya zo daga waje, zai ɗau lokaci. Ta roƙe ni in ajiye motar kafin nan.

In ajiye! Su ga na ajiye sau ɗaya, shi ke nan, sun samu ƙofa. Na aika wa Maharazu ya bar rodin, amma tuƙi ba zan bari ba.

Alhamis, 1 ga Mayu

Na fita bayan gari ni kaɗai na yi ta gwaji a filin makaranta, yau babu karatu. In ina tunani ina iyawa. Da na daina tunani hannu ya koma gidansa na da. Sabo turken wawa, in ji masu magana, to yau ni ne wawan.

Lahadi, 4 ga Mayu

Monica ta ce za ta tafi coci a kan babur ɗinta, wai tana da taron mata da wuri. Babu wani taro. Na tafi ni kaɗai a motar, kujerar gefe babu kowa, kowa kuma ya gani.

Talata, 6 ga Mayu

Bari in rubuta yadda abin ya faru.

Da hantsi ne, ina dawowa daga kasuwa. Na zo kwanar layinmu, Abdulrashid na kan bencinsa da wasu dattawa. Na ce yau sai na wanke kaina. Na sauke gilas, na fara karya kwana, na fitar da hannun hagu na ɗaga sosai har ina kiran sunansa. Kwanar ta nemi ƙari. Hannun dama ya tafi sama ya kamo, babu komai a wurin. Motar ta miƙe.

Hafsat mai ƙosai na zaune a wurinta na kullum a bakin kwalbati, ta ba hanya baya. Ba ta ji zuwana ba, motar ba ta da ƙara. Na daki tsakiyar sitiyari, shiru. Na taka birki, amma gaban motar ya riga ya taɓa murhun. Kaskon ya kife. Man ya zubo mata a ƙafar dama daga ƙauri zuwa yatsu.

Ihun da ta yi yana kunnena har yanzu.

A motar Ndubuisi aka kai ta asibiti. Ni na kasa komawa cikin tawa, a nan na bar ta a karkace, Monica ce ta zo daga baya. Abdulrashid ya riƙe ni a kafaɗa yana cewa tsautsayi ne. Da ban gaishe shi ba da ba a yi tsautsayin ba, wannan kuma ban faɗa masa ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Ban ci komai ba. Sitiyarin ne. Da zagayayye ne da hannuna ya samu abin kamawa, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun je duba Hafsat a asibiti, ni da Monica, a ƙafa. An naɗe ƙafar, likita ya ce za ta taka amma tabo zai zauna. Mace ce da ke ciyar da gidanta da wannan kaskon, mijinta ya rasu. Na shirya maganganu a hanya, da na gan ta duk suka gudu. Na fara yi mata bayanin sitiyari, yadda aka yanke samansa. Ta saurare ni har na gama.

"Baba, ni ban san kan mota ba," ta ce. "Amma tun da kas san ba ta jin hannunka, mi ya sa ka fito da ita cikin mutane?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na tsaya kamar kurtu a gaban kwamanda. Monica ce ta sa baki ta ce mun ɗauki nauyin gidan har ta warke.

Litinin, 12 ga Mayu

Sai yau na tambayi Monica yadda aka yi motar ta dawo gida ranar. Ta ce ita ta tuƙo ta. Na manta ma tana da lasisi tun tana aikin asibiti, don ban taɓa barin ta taɓa motata ba. Ta ce, "Baban Leah, ai kamar kan babur ne. Ka riƙe da hannu biyu, kada ka saki, kada ka gai da kowa."

Na ce a shigowa ƙofa fa? Ta ce nan kam ta sha wuya, ta yi gaba ta yi baya har maƙwabta suka fito, ita ma ba ta son abin. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ita ke kai mu coci yanzu, kafin sitiyarin kirki ya iso. Na gaya wa kowa haka, kafin ya iso ne. Tafiya take kamar mai ɗauke da ƙwai, keke ma wuce mu yake. In na ce ta ƙara wuta sai ta ce wanda ke gaggawa ya sauka. A kwanar layinmu ina rufe ido, ban san dalili ba. Babu kowa a bakin kwalbatin, sai baƙin man da ya bushe a ƙasa.

Lahadi, 8 ga Yuni

Hafsat ta koma gida. Tana dogara sanda. Ƙanwarta ce ke suya, amma sun matsa can ciki kusa da katanga.

Leah ta ce kayan na hanya. Na ce su hanzarta, na gaji da zaman fasinja.

Asabar, 12 ga Yuli

Ya iso. Wani bakanike ya zo da shi daga Abuja, ya cire mai kunnuwan ya ɗaura wannan. Zagayayye, cikakke, da samansa da komai. Na zauna a cikin gida na riƙe shi, na juya hagu na juya dama, hannu na haye hannu, babu inda na cafki iska. Abin da na yi ta nema ke nan tun Afrilu. Na kira Leah na ce gobe za ta ji labari.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na riga Monica shiryawa. Na shiga na zauna a kujerar direba, na gyara madubi, na ɗora hannun dama a sama inda ya saba. Ta fito da ɗankwalinta da littafin waƙoƙi, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona. Daga inda nake ina hango kwanar ta ƙofar gida. Hafsat ta dawo bakin suya, tana zaune ta miƙe ƙafar a kan ɗan kujera.

Na daɗe a haka. Sitiyarin ba shi da laifin komai, na duba.

Na fito, na zagaya, na shiga ɗaya gefen. Na ce mata kafaɗata ce ke ɗan ciwo yau, sanyin damina. Ta ce to, Allah ya sawwaƙe, ta miƙo mini littafin in riƙe mata.

Wataƙila mako mai zuwa, in kafaɗar ta saki.