Barkono da Fitar Yamma

Anti mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ni uwa ce da ba ta yarda da sakaci ba, duk 'ya'yana da tsawatarwa na raine su. Auta ce kaɗai ta rage a gabana, ma'aikaciyar jinya ce. Ɓeraye suka dame mu a sito, sai ta kawo wani ɗan guntun kare, wai shi teriya, ta sa masa suna Barkono. Ɓeraye kam sun ƙare, amma kwanciyar hankalina ma ta bi su.

Kullum ta dawo daga aiki, ko hutawa ba ta yi, sai ta ɗaura masa igiya su fice, wai irinsa sai da gudu. Karen da bai kai tsayin bokiti ba, wane irin gudu? Rannan ina wanki na tarar da gutsattsarin nama a aljihun rigarta. Yarinyar da nake dafa wa abinci, wa ke saya mata nama a waje? Kuma na lura duk lokacin da mai gyaran waya na bakin layinmu ya wuce, sai karen nan ya hau tsalle yana kaɗa jela kamar ya ga ɗan'uwansa. Dabba ba ta iya munafunci ba. A ina suka saba?

Sai na hana fitar. Tun daga nan ya tone mini tukwanen fulawa, ya tattaune takalmina na fita unguwa, haushi kuwa ba ƙaƙƙautawa. Nakan kira shi da daɗin baki, in ya zo in zuba masa tsintsiya. Yanzu ko na kira sai ya shige ƙarƙashin tankin ruwa. Mai gidan da muke haya ya ce ko a yi maganin haushin ko a fitar da karen. Auta kuma ta ce in karen ya bar gidan ita ma za ta koma masaukin ma'aikata. A kan kare! Anti, karen ne a ranta ko mai gyaran wayar?

Uwa mai sa ido

Mama, sa ido a kan 'ya ba laifi ba ne, amma ina jin wannan karon kin yi saurin yanke hukunci.

Teriya kare ne na farautar ɓera da tonon rami. Ƙanƙantarsa ba ta rage masa kuzari ba. In bai yi gudu ya gaji ba, a kan takalmi da tukunya zai sauke. Ke da kanki kika ce ɓarnar ta fara ne bayan kin hana fitar. Naman aljihu kuwa da shi ake horar da kare: ya zauna, a ba shi guntu. Ke kuma kin koya masa cewa amsa kiranki duka ne, ya kuwa haddace darasin. Ki ajiye tsintsiya. Ki ware masa lungu mai yashi ya tona, ki ba shi abin tauna.

Batun mai gyaran waya, irin karen nan har mai kwasar shara yakan yi wa tsalle. Ban ce babu komai ba. Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Auta ta yi kuskure da ta yi miki barazanar barin gida, amma mace ce da ake damƙa wa marasa lafiya. In akwai mai sonta, a bakinta ya kamata ki ji, ba a jelar kare ba.

Gobe da yamma ki sa takalmin da ya rage miki, ki ce ta miƙo igiyar ku fita tare. In ta yi murna, kin sami amsarki. In ta yi ɗari-ɗari, kin sami hanyar tambayarta cikin lalama. Ko ta yaya, Barkono zai dawo a gajiye, mai gidan hayar ya huta. Allah ya bar ki da autarki.