Igiyar Caji a Ƙasa

Yaya,

Gari ya fara wayewa, ana ɗan yayyafi. Na ga kana barci, ban so in tashe ka ba.

Na fito in cire motar kamfani mai lantarki daga caji, sai na tarar da igiyar yashe a ƙasa, an jona firizar ƙanƙarar matarka, Anti, a wurin. Batir ko rabi bai kai ba. Kai ma ka san wutar nan ba ta daɗewa, kuma abin da motar ta sha shi ke kai ni ya dawo da ni.

Ashe abin da ya faru shekaranjiya ke nan, da ta mutu mini a hanya da kayan mutane. Na tambaye ka, ka dubi idona ka ce ba wanda ya taɓa. Ni kuma na je na rantse wa maigidana a kamfani batirin ne ya lalace. Ya ce idan ta sake tsayawa, in ajiye masa makulli.

Haka zan fita. Ka bar wayarka a kunne, in ta tsaya kai zan kira.

Ƙanƙarar ta kama. Na juye wa Anti a kula kafin a ɗauke wuta.

Ƙaninka