Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Zuwa ga 'yar Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki, ina sanar da ke an cire gyaɗa, gero ya shiga rumbu. 'Yarki Amira ta kama shekara huɗu, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan takarda. Karatuna bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Ke ce 'yar farina. Ana yaye ki aka miƙa ki ɗakin matar Baffa Sale, yayan mahaifinki, kamar yadda aka saba. Gida ɗaya muke, amma ban taɓa goya ki a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanki ba. "Ke" nake cewa, ko "'yar Baffa". Ke kuma Yaya kike ce mini. Mata suna yabona da kunya, ni kuma ina jin daɗin yabon.

In hadari ya haɗo, ni nake riga kowa sanin ciwon sikilarki zai tashi. Daga ɗakina nake jin kukanki. In dafa ruwan zafi, in ajiye a ƙofar ɗakinsu, in juyo.

Kina shekara goma sha uku likitan Gaya ya tura mu Kano, wani sashen asibiti da ake binciken maganin ciwonku. Mahaifinki ya riga ya rasu, matar Baffa kuma ƙafa ta hana ta tafiya, sai kai ki ya faɗo kaina. Duk wata mu hau motar Ajingi. A mota babu idon gida. Ki ɗora kanki a kafaɗata, ni kuma in yi kamar gonaki nake kallo.

Maganin ya karɓe ki. Idonki ya washe, kika koma makaranta. Damina biyu muka yi ba a kwantar da ke ba.

Kin tuna bangon ɗakin jira? An zana kuka da shanu da tsuntsaye, kika riƙa kwaikwayon tsuntsayen a lallen ƙawayenki. A gefe akwai hoton wani yaro Bature da rubutu a ƙasa. Ke kika tambayi Sista, wadda take ɗibar jininki. Ta ce iyayensa Yahudawa ne a wata ƙasa mai nisa, ciwon jini ya ɗauke shi, sai suka kafa gidauniya da sunansa. Suna taimakon makarantunsu da wuraren ibadarsu, da masu zane da kiɗa, da likitocin da suke neman magani, har da na wannan sashen. Har wanda ya zana bangon, su suka ɗauki nauyinsa.

Kika ce, "Yaya, kin ga uwarsa ta sa an rubuta sunansa a bango." Na ce ɗauki jakarki kada mota ta cika.

Da zuciya ɗaya kika ba da labarin a gida. Kafin kasuwa ta zagayo, magana ta canja kama. Wai sayar da jininku ake yi, wai maganin yana hana haihuwa. Baffa ya tara mu a tsakar gida bayan la'asar. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana son ki, tsoro ne ya kama shi. Kuma bai yanke hukunci ba sai da ya juyo gare ni ya ce, "Ke da kike kai ta, me kika gani?"

Na ga komai. Na ga jinin da ake ɗiba bai cika cokali ba. Na ga daminar da kika yi kina dariya. Amma matan gida duk sun zuba mini ido, suna jira su ga ko uwa za ta buɗe baki ta tsaya wa 'yar farinta.

Na ce, "'Yarku ce. Duk abin da kuka yanke."

Kina jingine da turmi. Ba ki yi kuka ba, kallona kawai kika yi. Baffa ya karɓi katin asibitin. Sau biyu Sista tana kira a waya, ina ce mata kin warke.

Abin da ya biyo baya ke kika sha shi a jikinki. Shekara takwas, kowace damina da nata rabon. Kika yi aure, kika haihu da ƙyar. Daminar bara ciwon ya kama ƙirji. Muka fita da safe ana ruwa, muka isa Gaya, azahar ba ta yi ba kika cika. Dangin mijinki suna tsaye a kanki, ni ina wajen ƙafarki. Kika neme ni da ido, na ce, "Sannu, ke." Kalmata ta ƙarshe gare ki ke nan.

Na san ajali ba ya jiran magani. Malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma an tambaye ni gaskiya na ɓoye ta, wannan kuwa ba ajali ba ne, ni ce.

Amira tana hannuna tun rasuwarki, yanzu hannuwanta sun fara kumbura. An gwada, irin naki ne. Likita ya ba mu takardar wancan sashen, ya ce har yanzu suna karɓar yara. Mahaifinta ya ce in yi abin da na ga ya dace. Baffa ya tsufa amma maganarsa tana nan. A makon jiya na durƙusa a gabansa na ba shi amsar tambayar da ya yi mini shekara tara da suka wuce. Na ce ni ban taɓa ganin Bayahude ba, ban san addininsu ba, amma na san zafin uwar da ta binne ɗanta, kuma na ga abin da maganin ya yi. Ya ce in na kai ta, kada in shigo masa gida da maganin. Tun ranar bai amsa gaisuwata ba.

Ranar Talata za mu hau motar Ajingi. Ban san inda za mu sauka in mun dawo ba. Na dai ɗaure kayanta da nawa.

A can za su tambayi sunan mahaifiyar yarinya, kuma babu wanda zai faɗa sai ni. Shi ya sa nake so in fara a nan, ki riga su ji.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya ba Amira lafiya, ya sassauta zuciyar Baffa. Matar nan da ban sani ba, uwar yaron hoton, Allah ya sanyaya mata zuciya.

Bilkisu. Bilkisu, 'yata. Ki yafe mini.

Mahaifiyarki,
wadda kike kira Yaya