Iskar Barcin Innarki da Suman Babanki

Zuwa ga ɗiyata Basira,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina roƙon Allah ya sa wagga takarda ta iske ku lafiya a Agadas, ke da maigidanki Talha. Nan Unguwar Lalle kowa ƙalau, in an cire ƙululun da ke goshina, wanda ni na sayo abina.

Kin san ƙullutun da ya fito wa Innarki a mama, wanda ya hana mu sukuni don tsoron ko ciwon daji ne. To, an cire shi a Sakkwato. Da aka ce kada ta ci komai kafin aiki, sai na bugi ƙirji na ce ni ma ba ni ci, tare muka tsufa, tare za mu ji yunwa. Likitan sa barci ya zaunar da mu, ya ce iskar da ake shaƙa iri biyu gare su. Ɗaya tana da ɗan kaurin da ke sa tari, mutum kuma ya jima bai wartsake ba. Ɗayar ba ta damun maƙoshi, kuma ana farkawa da wuri. Na gyara hula na tambaye shi wace ta fi jan nisa, kamar mai sayen man babur a Burkusuma. Innarki ta harare ni, ta zaɓi ta biyun.

Ashe akwai ta uku da likita bai lissafa ba. Ana soka mata allurar ƙarin ruwa, ga ciki wayam, na gani na zube, goshi ya gaisa da ƙafar gado. Ita da aka yanka ta farka tana tambayar ɗankwalinta, ni ko ana yi mini fifita a benci. Ma'aikaciyar jinya ta ce irin tawa iskar ta fi saurin kamu, amma likitoci ba su yarda a yi aiki da ita ba tukuna.

Jiya sakamako ya zo: ba daji ba ne, tsiro ne marar illa. Bayan wuya sai daɗi, Basira. Ta koma damun furarta, har da waƙa.

Saura ni. A bencin nan na yi wa Allah alkawarin in ta kuɓuta za ni yi azumin Litinin da Alhamis har damina ta faɗi. Innarki ta ce in riƙa sahur, in kuma zauna kusa da tabarma.

Ki gai da Talha, da jikata Lailatu, amaryata, ki ce mata angonta ya yi ƙaho. Jibi Alhamis, ki sa ni a addu'a.

Babanki,
Sodangi