Hanyar Gonar Citta

Laraba, da dare

Likita ta ce ƙibar jikana Bulus ta yi yawa, ciwon suga na iya kama shi. Sai ya rage ci, ya riƙa tafiya kullum.

Yau na ja shi gonar citta. Na ce, "Taho, maigida, in ka faɗi ba ni iya ɗaga buhun masara!" Ya yi dariya.

Amma wa ke wuce ƙofar mutane bai gaisa ba? Maman Ladi ta ba shi kunu, matar Fasto ta cika masa aljihu da ƙuli-ƙuli. Da na hana, ta ce, "Haba Kaka, maraya kike wa rowa?"

Ba mu kai gonar ba. Kowace hanya akwai masu ƙaunarsa. Ya Yesu, gobe ta ina zan bi da shi?