Agogon Abba a Hannun Inna

Talata Mafara, Lahadi

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Maradun, ya abokan zamanka? Mu nan sai godiyar Allah, ƙafata ma ta yi sauƙi.

Tunda aka katse layin waya na koma ga biro, kuma ban yi baƙin ciki ba, domin a takarda ba ka da halin katse ni da "to Inna, to Inna".

Jiya ƙanwata Maimunatu ta zo daga Bakura. Gidan Alhaji Mamuda sun gama binciken da ake yi wa duk mai neman aure. Asalinka ba su sami abin faɗi ba, sallarka ma haka. Abu guda suka tsaya a kai. Imrana, yayan Nusaiba da kake nema, wanda ke yi maka shimfiɗa duk ranar da ka je zance, ya gaya wa mahaifinsu bai taɓa ganin ka da agogo ɗaya sau biyu ba. Yau baƙi, gobe ja, wani zuwan na ƙarfe, wani zuwan mai ratsi kamar tabarma. Alhaji ya ce ma'aikacin ruwa mai jiran albashi ba ya tara agogo kamar mai shago, kuma a zamanin da muke ciki ba zai ba da ɗiyarsa ga saurayin da ba a san inda hannunsa ke shiga ba. Ka san abin da wannan magana ke nufi a ƙasar nan. An ce baffanninka su dakata da zuwa neman sa rana.

Sunan mahaifina Abdulrashid ne a kanka, mutumin da ya rayu ya mutu yana duba inuwar katanga ya san azahar ta yi. Hannu biyu Allah ya ba ka, lokaci kuma ɗaya ne ga kowa. Me kake yi da tarin agogo? Ina ka same su? Kada ka kewaya mini, ka rubuto gaskiya ka ba Auwalu direba.

Allah ya shirya ka.

Mahaifiyarka,
Hasana

*

Maradun, Talata

Zuwa ga Innata,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida mutanen gida baki ɗaya. Na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa.

Inna, agogona uku ne, ba su fi haka ba. Maɗaurinsu nake canzawa. Imrana maɗauri ya yi ta ƙirgawa yana zaton agogo ne.

Ga yadda abin ya faro. Kin san aikina buɗe wa manoman rani ruwa ne daga magudanan Bakolori, kullum hannuna cikin ruwa da laka. A shekarata ta farko duk agogon da na ɗaura sai ya yi gumi a ciki ya mutu. Sai wani injiniya da zai bar aiki ya sayar mini da nasa tsoho, irin na masu nutso a teku. Ruwa ba ya shiga cikinsa. Shi ne mai baƙar fuska, kuma shi na fi ɗaurawa. Sauran biyun tsofaffi ne su ma, na saye su a Gusau shekaru a tsakani, daga albashina, ba daga ko'ina ba.

Maɗauran kuwa ba su da tsada. Na roba na aiki ne. Na zare mai ratsi ina sa shi lokacin zafi don yana bushewa da wuri. Na fata wani baduku ne ke yanka mini a bayan kasuwarmu ta Mafara. Da na canza maɗauri sai in ga kamar sabon agogo na samu, kuma wannan ne ya hana ni sayen na huɗu. Ranar zuwa Bakura nakan zaɓi wanda ya dace da hulata. Ban san ana lissafe da ni ba.

Ga akwatin nan na ba Auwalu, da agogon uku da maɗauran duka, don idonki ya gani. Akwai ɗan ƙarfe mai baki biyu kamar harshen maciji. Da shi ake danna ɗan tsinken ƙarfen da ke riƙe maɗauri, sai ya lotsa ya fita. Ki roƙi Inna Maimunatu ta kai wa Imrana ya duba. Ke kada ki wahalar da kanki da shi.

Ki yafe mini ɓacin ran da na jawo miki. Ina son Nusaiba, Inna, ki taimake ni.

Ɗanki mai biyayya,
Abba

*

Talata Mafara, Asabar

Abba,

Bayan sallama da gaisuwa, akwati ya iso. Uku ne, na ƙirga. Wannan bai wanke ka daga laifin ado ba. Namiji mai tsayawa yana gwada maɗauri da hula yana da lokacin da ya kamata ya ba Alƙur'ani.

Ba zan aika wa Imrana komai ba. Yaron da ya kasa bambanta agogo da maɗaurinsa ba shi zai wanke ɗana ba. Ni zan je gidan Maimunatu, ta kira mini matan gidan Alhaji, in kwance in ɗaura a gabansu. Saboda haka na zauna koyo.

Ba ka gaya mini ɗan tsinken nan tsalle yake yi ba. Ina danna shi ya tashi sama, na ji ƙarar faɗuwarsa cikin faifan geron da nake tsincewa. Ni da Salma matar yayanka Sufyanu muka wuni muna bin gero da yatsa kafin ya fito. Yanzu cikin ƙwarya nake yi, na rufa mayafi a kai, kuma hannuna ya fara faɗawa.

Ina da tambayoyi, ka amsa su bi da bi. An rubuta mita ɗari biyu a fuskarsa. Wane mahaluƙi ne ke sauka mita ɗari biyu cikin ruwa, kuma me ya bari a can? Kai da ko tafkin Ruwan Gizo ba ka taɓa shiga ya wuce gwiwarka ba, me ya haɗa ka da kayan masu nutso? Zoben nan mai lambobi da ke kewaye da fuskar, me ya sa yake juyawa hagu yana ƙas-ƙas amma ya ƙi dama? Na leƙa shi a ƙarƙashin mayafi na ga allurorinsa suna haske kore, sai da na yi a'uziyya. Wuta ce a ciki? Sannan idan za ka yi alwala, kana motsa shi ruwa ya taɓa fata, ko ka dogara da cewa ruwa ba ya cutar da shi ka manta da naka wajibin?

Sai magana mai nauyi. Baƙin ya mutu. Shekaranjiya yana tafiya, yau da safe na tarar ya tsaya cik, sauran biyun ma sun bi shi. Na kai wa mai gyara a bakin tasha ya sa batir, ya jujjuya shi ya ce bai ga ƙofar batir ba, na karɓe abina kafin ya ɓalle shi. Idan tsallen ɗan tsinken nan ne ya kashe shi, laifinka ne da ba ka yi gargaɗi ba. Alhamis zan je Bakura. Ba zan kai wa mutane matattun agogo in ce su shaidi ɗana da su ba. Ka amsa da wuri.

Mahaifiyarka,
Hasana

*

Maradun, Litinin

Innata,

Ina gaishe ki, ina gaida Salma da haƙurin tsintar gero.

Bai mutu ba, Inna, barci ya yi. Irin wannan ba ya cin batir, motsin hannu yake ci. Akwai wani ƙarfe a cikinsa mai lilo, duk motsin da mutum ya yi yana ɗaura masa ƙarfi. In aka ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya. Ki girgiza shi a hankali, ki gyara lokaci, sannan dole wani ya ɗaura shi har Alhamis. Ki ba Sufyanu wana.

Zoben na auna lokaci ne. Kina kai alamarsa kan doguwar allura, sai ki ga mintin da suka wuce. Mai nutso da shi yake sanin saura nawa iskarsa ta ƙare. An hana shi juyawa dama don in ya goce bisa kuskure, ya nuna wa mutum lokacinsa ya kusa, ya fito da wuri, kada ya ruɗe shi ya daɗe. Ni da shi nake auna ruwan kowace gona. Hasken fenti ne mai shan rana. Alwala kuwa ina motsa shi, wallahi.

Abin da ake nema a mita ɗari biyu, ni ma ban sani ba.

Ɗanki,
Abba

*

Bakura, Juma'a

Ɗana Abba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya kwana biyu? Na san Yaya Hasana ba za ta ba ka labarin jiya yadda ya faru ba, shi ya sa na ce bari in riga ta.

Ta iso da hantsi, akwati a ƙarƙashin hijabi. Na kira mahaifiyar Nusaiba da gwaggonta Firdausi, wadda ba a ɗaura aure a gidan sai ta yarda. Bayan an gaisa an sha fura, Yaya ta buɗe akwati. Agogo biyu ne a ciki. Gwaggo ta ce, "To ina na ukun? Halan shina wurin mai shi?"

Sai Yayata, wadda ko awarwaro ba ta sawa tun rasuwar mahaifinku, ta naɗe hannun hijabi. Ga ƙaton baƙin agogonka a hannunta. Ashe tun Litinin yake nan. Ta ce Sufyanu malalaci ne, a hannunsa agogon zai sake mutuwa. Da shi ta yi daka, da shi ta yi wanki.

Ta sa aka kawo ƙwarya. Ta cire na roba ta sa ja, ta ɗaga. Ta cire ja ta sa mai ratsi, ta ɗaga. Ta ce a kira Imrana. Ya tsugunna a bakin ƙofa, ta ce masa, "Ɗana, agogo nawa ka gani yanzu?" Ya ce ɗaya. Ta juya baya ta canza, ta ce, "Yanzu fa?" Yaron ya sunkuyar da kai, mu kuwa dariya har da hawaye. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Gwaggo ba ta saki ba. Ta ce, "Mun ji ba ɓarawo ba ne. Amma mutumin da ido nai ke gajiya da abu kullum, ɗiyarmu fa?" Yaya ta ce, "Hajiya, wannan agogon tsoho ya saye shi, duk jikinsa ƙuje ne, shekara da shekaru bai rabu da shi ba. Sutura yake yi masa. In ya yi wa ɗiyarku haka, sai ku gode." Gwaggo ta ce a ba ta ta ji nauyinsa.

Aka kai wa Alhaji akwatin a zauren gidansa. Ka san shi da dabbobi. Imrana ya ce agogon bai dami Alhaji ba, jan maɗaurin ya ɗauka ya shinshina, ya ja, ya ce, "Wagga fatar akuya ta, kuma jima ta yi kyau. Wa ya yanka mai?" Daga nan ya aiko a tambaya ko gaskiya ne ruwa ba ya shiga. Yaya ta kwance baƙin da kanta ta ce a jefa shi cikin randar zaure. Ta kai alamar zoben nan kan allura tukuna, wai don a san daɗewarsa. Na ga leɓenta na motsi, addu'a take yi. Sai da Alhaji ya idar da la'asar aka tsamo shi, yana tafiya abinsa.

Alhaji ya sa aka mayar wa Yaya agogon. Da za ta tafi ya aiko mata da ƙafar rago, ya ce a gaida baffanninka. Ni dai na san abin da na fahimta, amma bari ta gaya maka da bakinta.

Taka,
Inna Maimunatu

*

Talata Mafara, Lahadi

Abba,

Bayan sallama, Alhaji Mamuda ya aiko. Baffanninka za su je ranar Asabar a sa rana. Ka gode wa Allah, ka rage ado, kuma daga yau in za ka Bakura ka tsaya a maɗauri ɗaya har a ɗaura.

Ga akwatinka nan wurin Auwalu. Za ka ga biyu a ciki. Baƙin yana nan. Na lura a hannuna bai taɓa tsayawa ba, kuma zoben yana yi mini amfani wajen tuwo da maganin ƙafa. Abin da ke mutuwa in an bar shi zaune ba zan ba mai agogo uku da hannun hagu ɗaya ba.

Na robar yana sa ni gumi. Ka gaya wa badukunka ya yanko wani daidai hannuna, ya ƙara huda biyu. Ba don ado ba. Ja, irin wanda Alhaji ya yaba.

Har yanzu ba ka binciko mini abin da suke nema a mita ɗari biyu ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Hasana